Fastar Ɗan Fari

Gwaggo Marka ta sake gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta miƙe wuya, ta kafe wayar da ido kamar mai jiran hoton fasfo. Zainulabidin ya roƙe ta da ta saki fuska, ta manta da wayar, ta dube shi yadda take dubansa kullum. Ta ce ai haka take dubansa kullum. Ya danna, ya duba, ya goge. Tun bayan karin kumallo suke wannan aiki a tsakar gidanta da ke Gwarzo, kuma duk hoton da ya fito, na wata mata ce cikin leshin biki da sarƙa, wadda ta san sarai ana kallonta.

Zainulabidin ɗalibi ne a sashen zane da tsara hotuna na wata kwalejin fasaha a Kano, a shekararsa ta ƙarshe. Malaminsu, Malam Badaruddeen, ya rubuta karin magana iri-iri a 'yan guntayen takardu, ya zuba a hularsa, ya sa kowa ya ɗauki ɗaya ya mayar da ita fasta. Wadda ta faɗo wa Zainulabidin a kan uwa take, da yadda idonta ba ya sauka daga kan ɗanta. Abokansa suka ce ya yi sa'a, domin wasu kura suka ɗauko, wani kuma kada, kuma babu mai ko ɗaya daga cikinsu a gida.

Sa'ar ba ta kai shi ko'ina ba. Ya fara zana kaza da 'yan tsaki, Malam ya ce kowace shekara sai an kawo masa kaza, har ya soma tunanin neman fili ya buɗe gidan gona. Ya koma ya zana wani ƙaton ido da jariri a cikin ƙwayarsa, aka ce ya kai wa masu asibitin ido, suna neman allon ƙofa. Da ya gaji, ya sauko da hoton wata mata daga intanet ya jera rubutu a ƙasa. Malam ya daɗe yana duban matar, sannan ya ce sun san juna: ta yi tallan sabulu, ta yi na allurar riga-kafi, ko bara ma ta zo ofishinsa a fastar wani ɗalibi. Daga nan ya yanke hukunci. Fuska yake so ta gaske, ta uwa ta gaske, wadda ɗalibi ya ɗauka da hannunsa. A turo masa ta waya kafin faɗuwar ranar Lahadi, in ya amince a buga, a kafa a bangon sashe ranar Litinin, a kuma sa a shafin kwaleji na intanet domin duniya ta gani.

Zainulabidin ya faɗi wannan darasi bara. Dokar kwaleji ba ta tanadi faɗuwa ta biyu ba. Abin da ta tanada shi ne mutum ya tattara kayansa. Yau kuma ita ce Lahadin.

Gwaggo Marka ta zare sarƙar, ta ce wuyanta ya ƙage. Ta tambaye shi abin da takardar ta ce daidai, ya maimaita mata. Ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

“To ai uwa aka ce. Ni na yi goyo, na yi wankin tsumma, na yi jinyar ƙyanda, amma ba ni na yi naƙuda ba. Ga wadda ta yi can a Masanawa. Je ka. In ta dube ka, ka dawo ka ba ni labari.”

Ba da ɗaci ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi damunsa. Wadda ta haife shi, Asta, tana nan da ranta da lafiyarta a wani ƙauye na Masanawa, a ƙasar Kabo, tare da mahaifinsa Hammadu. Kakanninsu makiyaya ne da suka zauna suka kama noma. Fillancin ya tafi, shanun sun ragu, kunyar ɗan fari ce kaɗai ta zauna ba ta rage komai ba. Ana yaye shi aka kawo shi wurin Marka, yayar mahaifinsa, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Tun daga ranar Asta ba ta taɓa kama sunansa ba. In dole ta ambace shi, sai ta ce mutumin Gwarzo. Shi kuma Adda yake ce mata, kamar wata babbar yayarsa. Yana zuwa gaisuwa duk salla, ya san kunnenta, ya san tsagar da ke kuncinta na dama, ya san bakin mayafinta. Da za a ba shi fensir a ce ya zana ta daga gaba, da sai dai ya yi kintace, ga shi kuwa mai koyon zane.

Ya saka kwamfutarsa a jaka, ya duba cajin waya, ya fita ba tare da ya ce ga inda za shi ba. Gwaggo Marka ta bi shi da saƙon gaisuwa ga mutanen Masanawa.

A tasha motar Kabo na jiran mutum ɗaya. Mutum ɗayan ya zo ya shiga, yaron mota ya ci gaba da shelar saura mutum ɗaya. Zainulabidin ya sauka ya tsaya, ya koma ya zauna, ya sake sauka. A ransa ya riga ya tsara fastar: fuskar a dama, rubutu a hagu da farin launi, babu ado, babu fure. Komai ya zauna a wurinsa in ban da fuskar. Can gabas hadari ya fara haɗuwa, shi kuwa haske yake bukata. Ya ƙirƙiro maganar da zai yi wa Asta, ya gyara, ya rushe, domin duk maganar da ya gina sai ya tarar ta ƙunshi kalmar “ki”, kuma bai tuna ranar da ya taɓa ce mata “ki” ba.

Daga Kabo ɗan acaɓa ya ɗauke shi, suka bi ta tsakanin dawa da ta fi tsayin mutum, suna kauce wa taɓo. Sau da dama ya sauka ya taka da ƙafa inda ruwa ya cinye hanya. Ya isa bayan azahar, takalmansa sun yi nauyi.

Ƙanwarsa Badi'a ce ta amsa sallama. Ita ce ta bi shi a haihuwa, tana koyarwa a firamaren garin, kuma duk abin da aka hana shi na sakewa da uwa, ita aka ba, har da ƙari. Ta dubi takalman, ta tambaya ko a Kano yanzu noman shinkafa ake koya musu. Ta ce Baffa, mahaifinsu, ya tafi kai shanu fadama, sai yamma.

Asta na bakin turmi. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa wa turmin cewa lafiya lau. Ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya tambayi dabbobi, turmin ya ji duk suna lafiya. Sannan ta tambayi Badi'a ko ƙafar Marka ta yi sauƙi. Badi'a ta juyo ta tambaye shi, ya ce da sauƙi, Badi'a ta juya ta ce da sauƙi. Haka zance yake tafiya a tsakaninsu tun da can, kamar takarda tsakanin ofisoshi biyu masu ƙofa ɗaya, sai ta bi ta teburin masinja.

Ya ja Badi'a gefe ya yi mata bayani, tun daga hular Malam har zuwa dokar kwaleji. Ta saurara da natsuwa har ya zo kan abin da yake so, sannan ta nemi kujera ta zauna domin ta yi dariyar da kyau. Da ta gama ta share ido, ta ɗaga murya.

“Inna, wai hoto zai ɗauke ki. Kuma wai sai kin dube shi, ido cikin ido. In ba haka ba za a kore shi daga makaranta.”

Taɓaryar ta tsaya. Asta ta ce ita kam ta ji kamar akuya ta kwance, ta jingine taɓarya ta nufi bayan gida.

Akuya ba ta kwance ba. Zainulabidin ya bi ta da waya a hannu, ya tarar tana kwance igiyar tana sake ɗaurewa. Ya zagaya ta gabanta, ta tuna da rumbu. Ya isa rumbu, ta riga ta sa kai ciki har kafaɗa tana neman abin da ba ta ambata ba. Daga nan ta kwashe shanyar da ba ta bushe ba, ta shiga madafa inda hayaƙi ya tsare mata, ta fito ta leƙa maƙwabta aron rariya, alhali ga nata rariyoyin rataye a jikin danga. Ba gudu take ba, ba ta kuma ɓata rai ba. Aiki ne kawai ya yi mata yawa farat ɗaya, kuma kowane aiki yana ɓangaren da ba ya tsaye. Shi kuwa yana ta dannawa. Da ya tsaya ya duba abin da ya tara, ya samu kunne, da gwiwar hannu, da bayan zane iri-iri, da hoton akuya guda ɗaya wanda ya fito tsaf, tana kallonsa da cikakkiyar kulawa.

Hasken ya fara canzawa. Iska ta taso ta kaɗa ganyen dawa, ta kwanta. Ya duba wayar, cajin ya yi ƙasa, kuma Malam Badaruddeen ya turo wa 'yan aji tunatarwa cewa rana ba ta jiran mai zane. Asta ta dawo da rariyar aro ta tsaya a gindin rumbu, ta ba shi baya. A nan ne ya yi abin da bai taɓa yi ba.

“Adda,” ya ce, muryarsa ta fi yadda ya nufa ƙarfi. “Don Allah ki juyo. Sau ɗaya.”

Ya ga kafaɗun Asta sun ɗaga, sun tsaya a sama, ya ga yatsunta sun matse bakin rariyar. Ya ɗauka za ta juyo, har ya ɗaga wayar. Sai ta yi magana da rumbun, a hankali.

“A ce masa ya sha fura.”

Furar tana zaure an rufe ta da faifai. Bai ga lokacin da aka dama ta ba a cikin wannan zirga-zirga, amma an dama, da nono mai yawa, babu sukari, da ɗan gari-gari yadda yake so. Ya zauna yana juya ludayi. Badi'a ta zo ta zauna a dokin ƙofa, ta ce masa shi fa ɗan birni ne, bai san abin da yake roƙo ba. Ta ba shi labarin wata Furera ta ƙofar gabas, wadda ɗanta na fari ya faɗo daga kan ɗorawa yana yaro, ta kurma ihu da sunansa a gaban mutane. Yaron ya warke, ya girma, ya yi aure, yana da 'ya'ya. Ita kuwa har yau, da furfurarta, in ta shiga gidan biki sai taubasanta sun tarbe ta da sunan nan cikin irin muryar da ta kira shi, ana tafi. Wannan suna ne kawai, in ji Badi'a, kuma iska ta ɗauke shi tun ranar. Shi kuwa hoto yake so ya kafa a bango, ya sa a intanet, a garin da ko mai tallan nono tana da waya.

Ya ce shi bai ga laifi ba don uwa ta dubi ɗanta. Badi'a ta ce ita ma ba ta gani ba, amma ba ita za ta je rijiya gobe ba.

Daga nan ta miƙo hannu ta karɓi wayar, ta ce ya zauna nan kada ya motsa. Ya ji ta shiga tana kiran Inna, ya ji tana tsokanarta a kan rariyar aro. Sai ya ji dariya. Ya san dariyar, ta Asta ce, yana jin ta ta bayan danga duk salla, amma ko yaushe ya shiga sai ta yanke. Ya ajiye ludayin ya tashi, ya kai bakin ƙofa, ya dawo ya zauna.

Badi'a ta dawo ta ajiye masa wayar a cinya. Asta ce daga gaba, fuska sake, tana dariya, hasken hadari ya kwanta mata a goshi kamar an auna. Ya buɗa hoton da yatsu biyu. Tana da wushirya. Ya kai harshe kan tasa wushiryar, wadda Gwaggo Marka ta sha cewa ba ta san inda ya samo ta ba. Ya daɗe yana kallo, har allon ya dushe ya sake taɓa shi.

“Ga uwa, ga ido,” in ji Badi'a. “Kai wa malamin naka.”

Ya ce sharaɗin shi ne ɗalibi ya ɗauka da hannunsa. Ta ce wayarsa ce, kuma hannunta da nasa nono ɗaya suka sha, wa zai sani? Ya ce ba wannan ba ne kawai.

“Ke take kallo,” ya ce.

Badi'a ta sunkuya. Ta ɗauki ƙwaryar furar ta shiga gida.

La'asar ta wuce. In bai kama hanya ba, hadari zai rufe ta, kuma Muntari mai buga fastoci a Gwarzo yana kashe injinsa da kiran magariba. Ya rataya jaka ya shiga sallama. Asta ta koma bakin turmi. Ya durƙusa ya ce zai koma, turmin ya ji cewa a gaida Marka, Allah ya kiyaye hanya. Ya miƙe ya juya. Bai kai zaure ba ya ji ta kira Badi'a, ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma ba ƙasa sosai ba.

Badi'a ta cim masa a waje domin rakiya, ta isar da saƙo. Wai a gaya wa mutumin Gwarzo wuyan rigarsa ya fara tsagewa ta baya, ya ba Marka ta ɗinke kafin ya yi nisa. Wai kuma wanzamin da ya yi masa aski ya bar masa gashi a ƙeya ta hagu, ya canza wanzami. Kuma wai ya rame fiye da yadda ya zo da ƙaramar salla, ana gani a wuyansa.

Ya kai hannu baya. Wuyan rigar ya tsage. Gashin ma yana nan.

“Inna ta fi kowa sanin ƙeyarka,” in ji Badi'a. “In za a yi jarrabawa a kanta, ita ce za ta zo ta ɗaya.”

Ta faɗa ne domin ya yi dariya, amma bai yi ba. Ya rage sauri. Suna kan 'yar hanyar da ta miƙe daga ƙofar gida zuwa inda masu babur ke tsayawa. Ya ciro wayar, ya kunna kyamarar gaba, ya ɗaga ta sama da kafaɗarsa yana ɗan karkata ta, yadda kowa a ƙauyen yake yi in yana neman sabis. Bai juya kansa ba.

Asta tana nan. Ta fito ta tsaya a inda danga ta ɗan buɗe, da tsintsiya a hannu, tsintsiyar ba ta taɓa ƙasa ba. Ba dariya take ba, ba kuma kuka ba. Fuskar ta saki duk wani aiki, bakin ya ɗan buɗe, idanun suna kan bayansa kamar mai ƙoƙarin haddace abu kafin a ɗauke shi daga gabanta. Bai taɓa ganin an dubi wani mutum haka ba, balle shi. Babban yatsansa ya danna, kusan ba da izininsa ba. Ya sauke wayar, ya ci gaba da tafiya.

Sai da suka sha kwana ya tsaya ya buɗe. Hoton ya fito. Kunnensa da kafaɗarsa a kusurwa, dishi-dishi, ita kuma can baya, tsaf. Badi'a ta leƙo da shirin tsokana. Ta karɓi wayar ta kawo kusa da fuska.

“Ni ban taɓa ganin wannan fuskar ba,” ta ce. “Kuma a ɗakinta nake kwana.”

Ta mayar masa, ta ce ya gaida Gwaggo, ta juya tun kafin mai babur ya tayar.

Ruwa ya same shi kafin Kabo, ya cusa jakar cikin riga ya rungume. A mota bai iya zama daidai ba. Ya ciro wayar ya duba, ya mayar aljihu, ya sake cirowa, har dattijon da ke gefensa ya tambaya ko haihuwa ake jira a gida. Ya ce a'a, aikin makaranta ne. Ya ci jarrabawar, wannan ya sani. Ko Malam Badaruddeen, wanda ya yi suna wajen samun aibu a farar takarda, ba zai sami abin cewa ba. Hoton shi ne karin maganar da kanta, har rubutun ma ya zama ƙari. Kuma da hannunsa ya ɗauka.

Shagon Muntari yana bakin kasuwar Gwarzo, janareta na ruri a ƙofa, fastocin 'yan takara da katunan biki jibge har rufi. Muntari ya ce ya yi sauri, mai ya kusa ƙarewa, kuma shi ba ya haɗa magariba da aiki. Zainulabidin ya share gefen tebur, ya buɗe kwamfuta, ya tura hotunan biyu. Ya fara ɗora na bakin danga a kan tsarin da ya tanada. Bai gyara komai ba. Fuskar ta zauna a dama, rubutun ya zauna a hagu, kamar tun asali tare aka yi su.

Muntari ya zagayo yana goge hannu da tsumma, ya tsaya a bayansa.

“Kai, wannan aiki ya yi,” ya ce. Sai ya sunkuyo. “Tsaya. Wannan ba Asta ba ce, matar Hammadu ta Masanawa? Ai maiɗakina 'yar can ce. Wa take kallo haka?” Ya dubi kunnen da ke kusurwa, ya dubi kunnen da ke gabansa, murmushi ya fara buɗe masa fuska. “Ashe dai. To wallahi in na buga sai na rage ƙarama ɗaya na kai gida. Yau akwai labari.”

Ba mugunta a maganar. Murna ce irin ta wanda ya tsinci abin ba iyali dariya bayan tuwo. Zainulabidin ya dubi allon. Matar da ke ciki ba ta san an gan ta ba. Ta fito ne da tsintsiya domin ko da wani ya wuce, ta jira sai da ya juya baya, ta zaɓi inda danga ta buɗe, kamar yadda mai yiwuwa take yi duk zuwansa tun yana ƙarami. Duk wannan tanadi ta yi, shi kuma ya zo da wayo na neman sabis.

Ya ce wa Muntari wannan gwaji ne kawai, ba shi za a buga ba. Ya cire hoton, ya ɗora na Badi'a. Dariyar ta cika gefen dama. Ya ɗan rage haske a goshi, ya matsar da rubutu, ya tura wa Malam Badaruddeen. Muntari ya ce na farkon ya fi, Zainulabidin ya ce ya sani.

Amsa ba ta zo nan take ba. Ya fita bakin shago, ya dawo, ya duba sabis, ya sake fita. Ruwan ya tsagaita, masu kayan miya suna kwashe buhunan da suka rufa. Wani masallaci can nesa ya fara gwada lasifika. Muntari ya ɗora hannu a kan makunnin janareta, ya bar shi a nan domin a gani.

Sai saƙon murya ya shigo. Zainulabidin ya kara a kunne, amma muryar Malam ba ta san sirri ba, duk shagon ya ji.

“Yawwa, Zainulabidin. Yanzu ka yi aiki. Ka ga abin da nake gaya muku? Dubi yadda take kallonka, babu ɓoye-ɓoye. Wannan ko ba rubutu an san uwa ce da ɗanta. Kai ka ɗauka da hannunka ko?”

Muntari ya ɗaga gira. Zainulabidin ya rubuta cewa e, Malam, shi ya ɗauka. Ya duba kalmomin, babu kuskuren rubutu a cikinsu, ya tura.

Malam ya amsa da cewa madalla, a buga. Gyara ɗaya kawai yake da shi: rubutun ya yi ƙanƙanta, ba za a iya karanta karin maganar daga nesa ba.

Zainulabidin ya ja kujera, ya ƙara girman rubutun.